Dokin ƙarfe: kafin ka tambayi kuɗinsa, tambayi mai gyaransa



Ba a banza aka raɗa wa unguwarmu suna Zango ba. A nan ne, a wajen ganuwar Birni, ayarin da ya taso daga Agadas ko Gat ko Tarabulus yake sauka, a kwance wa raƙuma kaya, fatake su sha ruwa su miƙe ƙafa. Sai dai tsofaffi sun gaya mana cewa madugu ba ya runtsawa sai ya ga an ɗinke salkar da ke yoyo, an sake igiyar da ta tsufa, an gyara akumari, an duba tafin kowane raƙumi, domin wanda ya tashi da kayan da ba a duba ba, da daji zai yi shari'a, shari'ar daji kuwa ba a ɗaukaka ƙara a cikinta. Na tuno da wannan ne saboda ina son yau mu tattauna a kan abin hawan da ya gaji jaki a hannun talaka, ya gaji doki a hannun ƙaramin ma'aikaci, wato keke, wanda iyayenmu ke kira basukur ko dokin ƙarfe.

Fiye da shekara 30 na yi ina hawansa tsakanin gida da wurin aiki, kuma abin da na ƙaru da shi bai wuce magana guda ba: darajar keke a garin nan tana hannun mai gyaran da ke zaune a gindin bishiya. Keken da zai iya tayarwa da kayan da ake samu a kasuwar Dole, shi ne dukiya. Wanda ba zai iya tayarwa ba, ko nawa aka saye shi, kwanansa ƙirgagge ne kafin ya zama wurin shanyar tufafi a tsakar gida. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, irin na biyun ne ke ta yawaita a hannun ƴaƴanmu, masu gyaran kuma suna ta raguwa.

Bari mu fara da tsohon keken da kowa ya sani, baƙin nan mai nauyi mai birkin sanda. Siffarsa ta samo asali ne a 1885, lokacin da wani Baturen Ingila mai suna John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan kai ɗaya, sarƙa tana jan ta baya. A 1888 kuma John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya ƙara masa tayar da ake hura wa iska. Zamanin mulkin mallaka ya bazu a ƙasar Hausa tare da cinikin gyaɗa da fata, kuma da yake tsakaninmu da Kano kimanin kilomita 240 ne kacal, kekuna masu yawa ta kudu suka shigo mana, ta Daura da Matamai, ko ta Ɓaɓura da Magarya. Raleigh na birnin Nottingham, mai tambarin kan zalɓe, shi ne sarkinsu, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na Shanghai ta ƙasar Sin, da Hero da Avon na Ludhiana ta Indiya, suka zo da araha suka cika kasuwa.

Sirrin wannan keke shi ne, Sinawa da Indiyawa fasalin Ingila suka kwaikwaya, ba su tsaya ƙirƙiro nasu ba. Saboda haka kayan da suka fi saurin ƙarewa, irin su taya da robar ciki da sarƙa da robar birki da feda da ƴaƴan boris, na wannan yana shiga na wancan. Ɗan kasuwa ya saro iri ɗaya ya wadatar da gari. Mai gyara kuwa in ya samu sufana 3 ko 4, da guduma, da famfo, da gwangwanin sholisho, da kwanon ruwan neman huji, to ya buɗe shago ke nan, ko a ƙauyen da ba a taɓa ganin wayar lantarki ba.

Ga shi kuma da juriyar jaki. Kowa ya san ƙishin ruwa tsohon ciwon Damagaram ne, har yana cikin dalilan da ake kawowa na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. To a duba yaron da ke turo keke da bido 4 masu cin lita 20. Kowace lita kilo guda ce, kilo 80 ke nan a kan ƙafafu biyu, ban da nauyin keken. A duba masu kawo kayan lambu daga Mirya, tafiyar kilomita 18, da masu ɗauko rake daga koramun kudu, da masu tallar burodi da asuba, da masu kai fatu majema. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, in mutum ya tsaya a bakin gari da hantsi ya ƙirga abin da ke shigowa bisa kariyar keke, zai san cewa wani sashe na cinikin garin nan a kan sarƙa da feda yake tafiya.

Mu ma'aikata a shekarun 1990 muka san ƙimarsa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: tamma guda ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma 100, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, ga albashi yana yin watanni bai fito ba. Na ga manyan mutane sun jingine mobilet a zaure sun lulluɓe ta da tsohon zane, sun koma tafiyar ƙasa da takardunsu a hamata. Mu da ke da keke, rana ɗaya ba mu makara ba. Nawa Phoenix ne, kuma wanda ya riƙe mini shi a waɗannan shekaru wani dattijo ne da ke gyara a inuwar wata bedi kusa da gidanmu, Allah ya jiƙansa. Ba abin da yake zubarwa. Tsohuwar robar ciki ya yanka ta ya yi faci, mataccen keke ya kwance shi ƙusa-ƙusa ya zuba a gwangwanaye, kowane iri da nasa. Ƙusar nan da ke riƙe hannun feda, in babu ita a kasuwa, sai ya samu guntun ƙarfe ya goge shi da zarto har ya zauna daram. In ƙashin keken ne ya tsage, ya tura ka wajen mai walda, kafin la'asar ka hau abinka. Duk lokacin da nake kallon hannunsa nakan tuna cewa a garin nan ne, zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, maƙera suka zuba igwa da hannunsu. Jikokin waɗannan mutane ba za su gagara gyaran keke ba, muddin an ba su abin da ke gyaruwa.

Daga shekarun 2000 al'amari ya juya. Babura masu araha na Sin da Indiya suka cika gari, kabu-kabu ya zama sana'ar samari, keke ya koma abin hawan ɗan makaranta da mai ƙaramin ƙarfi. A lokaci guda kuma kekunan hannu na Turai da Japan suka riƙa shigowa ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, yawancinsu irin keken hawan dutse, wanda wasu samari suka ƙirƙiro a tsaunukan Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970 domin wasa. Gaskiya ɗaya ce, yana da nasa alheri. Tayarsa mai faɗi ta fi siririya tafiya cikin rairayi, birkinsa ya fi na sanda kamu, ba shi da nauyi, kuma giyarsa 18 ko 21 tana sa yaro ya hau tudu bai sauka ya tura ba. Wanda ya dace da mai kyau, mai kayan Shimano na asali, ya dace da abin hawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, waɗannan kekuna ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba. Ɗauki taya kawai. Tsohon kekenmu ana ce da ƙafarsa 28, faɗin rim ɗinta milimita 635 ne. Keken Turai na cikin gari shi ma 28 aka rubuta masa, amma nasa 622 ne, tayar wannan ba ta zama a wancan ko za a kwana ana dannawa. Mai lamba 27, wanda ake zaton ya fi ƙanƙanta, 630 ne, ya fi 28 na Turai girma. Keken dutse mai 26 nasa 559 ne, ga kuma wani 26 ɗin da ake gani a kekunan Japan da tsofaffin na Ingila mai 590. Bawul ma iri 3 ne: namu na da mai ƴar roba a ciki, da irin na mota, da siririn nan na kekunan tsere, kuma ba kowane famfo ke kama su duka ba. Sarƙar keke mai giya ta fi ta tsohon keke sirantaka. Tsofaffin Peugeot kuwa zaren notinsu na Faransa ne, ba ya jituwa da na Ingila. Mai shago ba zai iya ajiye duk waɗannan ba, sai ya ajiye wanda ya fi tafiya, sauran masu keke su yi ta yawo rumfa-rumfa.

Wani abokin aikina ya taɓa saya wa ɗansa irin wannan keke da ya ci jarrabawar shiga kwaleji, ja mai sheƙi, da sifirin gaba da baya. Wata biyu bai cika ba yaron ya faɗi, ƙarfen da ke canza giya ya lanƙwashe ya faɗa cikin wayoyin ƙafa ya kakkarye. Muka kai wa dattijon nan. Ya juya shi, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce: «Mushe, wannan abin ba a sayar da shi nan, sai ko Kano, can ma sai an dace.» Abokina ya ce: «To Baba, yaya za a yi? Gobe yaro zai tafi makaranta.» Dattijo ya cire ƙarfen gaba ɗaya, ya rage tsawon sarƙa, ya ɗora ta a faifai guda, ya miƙa masa ya ce: «Ka sayi giya 21, ka koma gida da ɗaya. Ita ɗayar dai ba za ta ba ka kunya ba.» Ku duba kekunan da ke jingine a ƙofar makarantunmu, za ku tarar da dama haka suka ƙare, an biya kuɗin giya da sifirin, nauyinsu kawai ake ja.

A ƙasashen Turai kuwa abin ya wuce nan. Yanzu ana yin ƙashin keke da zaren kabon, ana sa birkin faifai mai aiki da mai irin na mota, faifan giya na baya ya kai 12, har akwai masu canza giya da batir. Keke mai lantarki kuma ya cika biranensu. Ba na cikin masu cewa duk sabon abu sharri ne. Fitilar zamani da ake caji ta fi dinamo haske nesa ba kusa ba, kuma ruwan nan da ake ɗurawa cikin taya ya toshe ƙaramin huji da kansa, kamar domin ƙasarmu mai ƙaya aka yi shi. Amma kowane ɗaya sai a yi masa tambayar madugu: in ya lalace tsakanin nan da Tanut, wa zai gyara? Ƙashin baƙin ƙarfe kowane mai walda yana haɗa shi. Na alminiyam in ya tsage sai injin musamman, na kabon kuwa sai dai a yi haƙuri. Batirin keken lantarki shi ne mafi tsada a jikinsa, ga shi ba ya shiri da zafi, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Abin lura, wata ƙungiya mai suna World Bicycle Relief, da aka kafa a Amurka a 2005, da ta tashi yin keken karkarar Afirka, wanda ta sa wa suna Buffalo, sai ta koma ga baƙin ƙarfe mai kauri da kariya mai ɗaukar kilo 100, tana kuma horar da masu gyara a wuraren da ta raba shi. Ashe dai da tsohuwar zuma ake magani.

To ko wane iri mutum ya mallaka, abokan gabarsa a ƙasar nan uku ne: ƙaya, da rairayi, da rana.

Ƙaya ita ce ta yau da kullum, musamman tsidau da ke kwance a gefen hanya bayan damina, da ta aduwa da ta bagaruwa. In an yi faci, a bi cikin tayar da yatsa a hankali a ciro abin da ya huda ta, in ba haka ba kafin a kai gida ta sake sacewa. A goge wurin hujin, a shafa sholisho kaɗan, a jira ya sha iska har ya daina sheƙi kafin a manna, domin gaggawa a nan ita ke sa faci ɗagowa. Wasu kan yanka tsohuwar robar ciki su shimfiɗa tsakanin taya da sabuwa, dabara ce mai kyau. Game da iska kuma, rage ta kaɗan yana taimako cikin rairayi, amma mai ɗaukar kaya ya cika tayarsa, don in ta yi laushi ya daki dutse, rim zai cije robar ya bar huji biyu kamar saran maciji.

Rairayi shi ne mugun, don ba a ganin ɓarnarsa sai ta gama. Mutanenmu suna son su kwarara wa sarƙa baƙin man da aka juye daga inji har yana ɗiga, suna ganin gata suka yi mata. Man nan da ƙurar hunturu in sun haɗu sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙoran faifai tare. Abin da ya dace, a wanke ta da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta a kowace gaɓa, sa'an nan a goge bayanta da tsumma, domin a ciki ake bukatar man. Akwai hanyar gane ta ƙare: daga tsakiyar ƙusa guda a ƙirga 24 gaba, sabuwar sarƙa santimita 30 da rabi ce, in ta ƙaru da milimita 3 a sake ta tun ba ta ja faifan sun bi ta ba. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, a kai wa mai gyara ya buɗe cibiyar ƙafafu da ta feda da wuyan keken, ya wanke boris ya sa sabon giris. Wayar ƙafa guda in ta tsinke a sake ta a ranar, don ƴan uwanta ne ke ɗaukar nauyinta, su ma su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rana kuwa roba take ci. Ita ke tsattsaga gefen taya, ta busar da robar birki, ta kashe ƴar robar cikin bawul, mutum ya yi ta neman huji alhali babu. Maganinta inuwa ce, ba a kuma sayen ta. Da damina a tuna cewa birkin sanda a kan jiƙaƙƙen rim kusan ba ya kamu, saboda haka in an ratsa ruwa a riƙa matsa shi kaɗan-kaɗan har ya bushe.

Ga wasu abubuwa biyu da na ga mutane da yawa ba su sani ba. Fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murza ta in za a ɗaure, kuma yara masu koyo sun lalata hannun feda ba adadi saboda rashin sanin haka. Na biyu, mai ɗaukar kaya ba ya bukatar giya 21, faifan baya kawai zai sake. In na gaba yana da haƙora 44, na baya 18, kowane zagayen feda yana tura keke kusan mita 5 da rabi. In aka sa mai haƙora 22 sai ya koma kusan mita 4 da rabi, gudu ya ragu, amma gwiwa ta huta, a hau tudu da buhu ba a sauka ba.

Yanzu sai in juyo gare ku, alhazai ƴan kasuwa. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan takunkumin CEDEAO a 2023, lokacin da kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, sun nuna mana yadda ƙaramin abu kamar robar ciki yake zama abin nema. Wanda zai saro kekunan hannu, ya dubi Allah ya zaɓi masu ƙafa iri ɗaya ko biyu, ya haɗo da tayoyinsu da sarƙoƙinsu da wayoyin birkinsu. A gefen kowace taya akwai lamba biyu, kamar 40-635 ko 50-559, ta biyun ita ce awon rim, a koya wa yaran shago karanta ta. Riba ma a nan take: keke sau ɗaya ake sayar wa mutum, kayan gyara kuwa muddin yana hawa yana dawowa.

Ku kuma ƴan uwana ma'aikata, na san abin da ke hana mu, kunya ce, kada a ce shugaban biro ya zo aiki bisa keke. To mu yi lissafi. A ɗauka a misali mutum yana kashe jikka guda kullum a kabu-kabu ko a man babur, kwana 22 a wata, jikka 22 ke nan, a shekara ya haura jikka 260. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a Mayun 2023, man kwalba na bakin titi da muka daɗe muna dogaro da arharsa ya nuna mana cewa ba abin dogaro ba ne. Garinmu kuma ba wani nisa gare shi ba, daga Zango zuwa Birni ko Sabon Gari tafiyar mintoci ce. Maƙwabtanmu na Burkina Faso ba su ɗauki keke abin raini ba, maza da mata suna hawa, har suna da gasar Tour du Faso tun 1987. A Holan, Mark Rutte yana firayim minista an sha ganinsa yana zuwa ofis a kan keke, ba wanda ya ce girmansa ya zube. Likitoci kuma kullum suna faɗa mana cewa hawan jini da ciwon sukari sun fi son mai zaman kujera.

Abin da ya fi kome gaggawa shi ne sana'ar kanta. Yaran da a da suke zama gaban masu gyaran keke sun koma garejin babura, don can kuɗi yake, dattawan da suka iya miƙe karkatacciyar ƙafa da ido da kunne kuwa suna tafiya ɗaya-ɗaya. Ya kamata cibiyoyin koyon sana'a su sa gyaran keke cikin darussansu, tsoho da sabo, har da giya da birkin faifai, tun da sun riga sun shigo. Ya kamata ma'aikatar magajin gari ta ware wa masu gyara wuri mai inuwa kusa da kasuwanni da makarantu, a daina korarsu kamar masu laifi. Mu kuma masu hawa mu daina cinikin kuɗin faci kamar za mu sayi saniya, domin wanda ba ya samun na tuwo a sana'arsa ba zai koya wa ɗansa ita ba.

Uban da zai saya wa ɗansa keke bana, shawarata ita ce ya fara biyawa ta wajen mai gyaran unguwarsu, ya tafi da shi kasuwa, ya biya shi ladan yininsa. Wanda ya ɗaga, ya juya ƙafarsa, ya ce zai iya riƙe shi, shi za a saya, ko da fentinsa ya koɗe.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka cikin abin da muke nema. Wassalam.